Unguwarmu ta gyaru amma haya tana korarmu: laifin masu yawon buɗe ido ne?

Baƙon Basalona ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da yake na san a cikinku akwai waɗanda suka karanci tsara birane, akwai kuma waɗanda suka zauna a garuruwan da irin wannan abu ya faru, sai na ga ya dace in kawo ta gabanku.

Shekarata 11 ke nan ina zaune a Poblenou, wata unguwa ta bakin teku a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya. A da nan ne cibiyar masana'antun birnin, har ana yi mata kirari da Mancestar Kataloniya (yankin da Basalona take), wato ana kwatanta ta da birnin masaƙu na Ingila, saboda yawan masaƙunta, kuma har gobe in ka ɗaga kai za ka hangi dogayen bututun hayaƙi na jan bulo tsaye a tsakanin sababbin benaye masu gilashi, an bar su don tarihi, ba sa fitar da komai. Arahar haya ce ta kawo ni unguwar. Benen da muke ciki tsoho ne mai hawa huɗu, tun asali na ma'aikatan masaƙa ne, kuma lokacin da na tare kowa ya san kowa. Tsohuwar da ke hawan ƙasa da namu, wadda ta fara aikin saƙa tun tana budurwa, ita ke karɓar mana saƙo in ba ma nan, matata kuma ita ke hawo mata da kayan cefane saboda gwiwoyinta sun gaza.

Yau a cikin gidaje takwas da ke benen, uku ne kaɗai ke da mazauna na dindindin. A jikin ƙofar shiga an liƙa wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu lambar sirri, inda ake ajiye makullai domin baƙin da suka kama ɗaki ta intanet su ɗauka da kansu ba tare da sun sa mai gida a ido ba. Kusan kullum sai ƙarar tayoyin akwatin tafiya a kan matakala ta tashe mu, wani lokaci ƙarfe biyu na dare. Mai gyaran takalma na kusurwar layinmu ya tashi, shagonsa ya koma wurin shan kofi da aka rubuta farashinsa da Ingilishi, kuma tsohuwar nan ta ce mini ba ta taɓa shiga ba domin ba ta san abin da za ta ce a ba ta ba.

Yanzu abin ya zo kaina. Yarjejeniyar hayata ta shekara 5 ta kusa ƙarewa, kuma mai gidan ya aiko cewa ba zai sabunta ta ba. In ina son ci gaba da zama, sai dai in sa hannu a kan ta wata 11, irin wadda ake yi wa ɗalibai da ma'aikatan wucin gadi, a kan kuɗin da zai kusa cinye albashina ɗungurungum.

Abin da ya sa lamarin ya ɗaure mini kai shi ne, abincina a hannun waɗannan baƙin yake, domin a ɗakin girkin wani otal nake aiki. A watan Yulin 2024, lokacin da masu zanga-zanga suka riƙa fesa wa masu yawon buɗe ido ruwa da bindigogin wasan yara, maƙwabcina ya gayyace ni mu fita, na kasa, saboda ban ga ina da bakin cewa su koma inda suka fito ba. To, don Allah masana ku fahimtar da ni: shin da gaske masu yawon buɗe ido ne suka jawo mana wannan, ko dai an samu mai sauƙin zagi ne aka ɗora masa? Kuma akwai garin da aka gyara tsohuwar unguwar masana'antu ba tare da an watsa mutanenta ba?

Ɗalibar tsara birane ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita, ya rufa asiri. A fahimtata mai yawon buɗe ido yana da hannu a cikin abin da ya same ku, amma shi ne na ƙarshe a layi, kuma in aka tsaya a kansa kaɗai za a bar jaki ana dukan taiki.

Abin da kake bayyanawa yana da suna a ilimin birane, wato gentrification da Turanci, tun 1964, lokacin da wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta lura da yadda masu hali ke saye ƙananan gidajen ma'aikata a wasu unguwannin Landan, suna gyara su, har sai unguwa ta fita gaba ɗaya daga hannun mutanenta na asali. A 1979 wani masanin labarin ƙasa, Neil Smith, ya kawo bayanin da na fi gamsuwa da shi: duk wani fili yana da hayar da yake kawowa yanzu, yana kuma da hayar da zai iya kawowa in an sauya abin da ake yi a kansa, kuma idan tazarar da ke tsakanin biyun ta yi faɗi, masu jari za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. Babu inda wannan tazara ke faɗi kamar tsohuwar unguwar masana'antu, domin an gina ta ne kusa da tsakiyar gari, kusa da tashar jiragen ruwa da layin dogo, filayenta manya ne, kuma hayaƙi da ƙara ne suka danne farashinta. Da zarar injin ya yi shiru, sai arahar ta zama tarko ga wanda ke zaune a ciki.

Dubi yadda abin ya bi daki-daki a unguwarku. Tun daga shekarun 1960 masana'antu suka fara ƙaura zuwa bayan gari. A 1986 aka bai wa Basalona damar karɓar wasannin Olimfik na 1992, sai hukuma ta rushe sashen masana'antu na Icària domin gina masaukin 'yan wasa, ta kawar da layin dogon da ya tokare tsakanin gari da teku, ta zuba yashi ta mayar da gaɓar da a da ake zubar da dagwalon masana'antu wurin shaƙatawa. Gidajen masaukin nan kuwa, bayan an gama wasa, galibinsu a farashin kasuwa aka sayar da su. A 2000 majalisar birni ta amince da shirin 22@, wanda ya shafi kimanin hekta 200. Sunan kansa yana ba da labari: a taswirar birni lambar filin masana'antu ita ce 22a, sai aka cire harafin aka sa alamar nan ta adireshin intanet, ma'ana daga yau filin na ofisoshin fasaha ne, da jami'o'i, da otal-otal. An yi alkawarin gina gidaje 4,000 masu rangwame a cikin shirin, amma ofisoshi da otal suka riga su nesa ba kusa ba. An kuma zarce da titin Diagonal har bakin teku, sannan a 2004 aka yi babban taron al'adu a can ƙarshen unguwar. Duk waɗannan matakai hukuma ce ta ɗauka, da kuɗin jama'a da ikon doka, tun kafin a san da wani abu wai shi Airbnb, shafin nan na kama ɗaki ta intanet.

Amma kada a ce na wanke masu yawon buɗe ido, domin shigowarsu ta sauya lissafin ta wata fuska da sauran masu hali ba su sauya ba. Idan likita ko injiniya ya tare a unguwa, zai ɗaga haya, amma yana biya ne wata-wata, yana kai 'ya'yansa makarantar unguwa, yana buƙatar kantin magani da mai sayar da kifi. Shi kuwa baƙon kwana uku a kan dare ake yi masa lissafi, kuma da albashin Jamus ko Amurka yake biya, saboda haka kai da ke karɓar albashin ɗakin girki a Basalona kana gasa ne da aljihun da ba a garinku aka cika shi ba. Mai shago ma haka yake kallon abin: wanda zai sayi kofi da tsada sau ɗaya ya wuce ya fi masa riba a kan tsohuwar da za ta kawo takalmi a sa masa dunduniya. Shi ya sa kora take zuwa iri-iri. Akwai wanda ake miƙa wa takardar tashi, kamar kai. Akwai 'ya'yan unguwa da suka girma suka yi aure amma ba su iya kama gida kusa da iyayensu ba, waɗanda babu wani kundi da ke ƙirga su. Akwai kuma wadda ba ta motsa ko'ina ba, amma ta wayi gari baƙuwa a layin da aka haife ta.

Akwai wasu mutane da ba a cika tunawa da su a wannan labari ba, alhali su ne suka fi kusa da mu. A shekarun da masana'antun suka zauna kango, 'yan Afirka ta Yamma marasa takardu ne suka raya su, suna kwana a ciki suna sana'ar gwangwan, suna tura keken kanti cike da tsofaffin ƙarafa a titunan birnin. A watan Yulin 2013 'yan sanda suka tashi wani babban sito a titin Puigcerdà inda mutane kimanin 300 ke zaune. Haka kuma a Can Ricart, masaƙar nan ta tsakiyar ƙarni na 19, mazauna unguwa sun yi gwagwarmaya a 2005 da 2006 har aka hana rushe mafi yawan ginin, sai dai ƙananan masu sana'ar da ke haya a ciki an riga an fitar da su. Bangon ya tsira, waɗanda ke neman abinci a cikinsa ba su tsira ba.

Game da ko hukuma na yin wani abu, tana yi, amma a makare. An daina bayar da sababbin lasisin gidajen saukar baƙi tun 2014, an taƙaita gina otal-otal a 2017 zamanin magajiyar gari Ada Colau, an ƙayyade kuɗin haya a Kataloniya a Maris 2024, sannan a Yunin 2024 magajin gari Jaume Collboni ya sanar cewa lasisi 10,101 da ke akwai ba za a sabunta su ba bayan Nuwambar 2028, yana mai kafa hujja da cewa haya ta tashi da kashi 68 cikin 100 a shekara 10. Yarjejeniyar wata 11 da aka miƙo maka ita ce ƙofar da masu gidaje da yawa suka bi suka zille wa dokar ƙayyade haya. Shawarata, kafin ka sa hannu a komai, ka duba ranar da takardar ta iso hannunka, domin doka ta wajabta wa mai gida ya sanar da ɗan haya aƙalla wata huɗu kafin ƙarewar wa'adi, in ba haka ba yarjejeniyar za ta ci gaba. Ka kuma je ofishin gidaje na gundumar Sant Martí, ka tuntuɓi ƙungiyar 'yan haya ta Sindicat de Llogateres.

Tsohon ma'aikacin masaƙa ya amsa:

Salamu alaikum. Ɗana, ina taya ka jajen halin da kake ciki, kuma 'yata ɗaliba Allah ya ƙara basira, na ƙaru da bayaninki. Amma ku yi mini uzuri in faɗi abin da zai yiwu bai yi muku daɗi ba, domin ni daga ɗaya ɓangaren nake kallon abin.

Na yi shekara 22 ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 zamanin Sardauna, unguwar nan take rayuwa da ƙarar jiniya: in an tashi aiki sai kekuna su cika titi har mota ta rasa hanya, masu abinci da teloli da masu gidajen haya kowa yana samu. KTL ta tsaya a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan shekaru. Mu ba wanda ya zo ya ɗaga mana haya. Ba a liƙa mana akwatin makulli a ƙofa ba, ba a buɗe mana wurin shan kofi ba. Ciyawa ce ta fito a harabar, rufin ya zube, ɓarayi suka kwashe wayoyi. Duk da haka mutanenmu sun watse, wasu sun koma ƙauye, wasu sun hau acaɓa da furfura a kansu, da yawa kuma sun riga mu gidan gaskiya cikin ƙunci.

Saboda haka idan na ji ana kukan cewa an mayar da tsohuwar masaƙa jami'a ko ɗakin karatu, an share bakin teku, baƙi na zuwa da kuɗinsu, sai in ce ina ma mu ne aka jarrabe mu da wannan. Kai da kanka ka ce a otal kake samun abin sa wa a bakin salati. In aka kori baƙin, otal ɗin ya rufe, hayar ta sauko, da me za ka biya mai arahar? Ban ce a zalunci ɗan haya ba, Allah ya kiyaye. Amma unguwar da masana'antunta suka mutu ta riga ta mutu rabi, kuma wanda ya zo da abin da zai tashe ta bai kamata a tare shi da bindigar ruwa ba.

Mazaunin Cape Town ya amsa:

Baba, Allah ya ja kwana, ya saka da alheri. Maganarka tana da nauyi, kuma duk wanda bai ga kangon masana'anta da idonsa ba bai kamata ya yi saurin musa ta ba. Sai dai ina roƙon izini in kawo abin da na gani a nan Afirka ta Kudu, domin yana nuna cewa tashin unguwa daban, tashin mutanenta daban.

Woodstock da Salt River unguwanni ne da ke manne da tsakiyar Cape Town, kuma su ne gidan masana'antun ɗinki da saƙa na birnin, inda dubban mata suka yi rayuwarsu a kan keken ɗinki. Abin da ya ci Kakuri shi ne ya ci su: bayan 1994 aka sassauta harajin shigo da kaya, tufafi masu araha suka kwararo daga Asiya, masana'antu suka yi ta rufewa. Wani abin lura shi ne, a zamanin wariyar launin fata, lokacin da gwamnati ta ayyana maƙwabciyarsu District Six a matsayin unguwar farar fata a 1966 ta kwashe mutane fiye da 60,000, Woodstock ta tsira a cakuɗe, baƙar fata da farar fata da ruwa-biyu suna zaune tare. Abin da dokar wariya ta kasa yi mata, kasuwa ce ta zo tana yi a hankali.

Tsohuwar masana'antar biskit da ke titin Albert ta koma wurin cin abinci da sayar da kayan ƙawa, kuma tun 2006 ake cin wata kasuwa a cikinta duk Asabar, wadda ta shiga jerin wuraren da ake kai masu yawon buɗe ido. Na sha zuwa wurin. Za ka ga motocin baƙi jere, masu jagora suna zagayawa da su suna nuna musu zane-zanen bango, suna ɗaukar hoton ƙofofin gidajen mutane masu launi, wani lokaci mai gidan tana zaune a dakali ba a ko gaishe ta ba. Ɗan taƙi kaɗan daga nan akwai titin Bromwell, inda wasu iyalai suka yi shekara da shekaru suna haya a jerin ƙananan gidaje, wasunsu a nan aka haife su. A 2013 wani kamfanin gine-gine ya sayi gidajen, a 2016 kotu ta ba da umarnin su tashi, hukumar birni kuma ta ce wurin da za ta iya ba su shi ne Wolwerivier, wani sansani na ɗakunan kwano mai nisan kimanin kilomita 30, nesa da makarantun 'ya'yansu da asibitinsu da wuraren aikinsu. Suka ƙi, suka yi ta shari'a har zuwa Disambar 2024, lokacin da Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa tsarin birnin na rashin tanadar masaukin gaggawa a cikin gari ya saɓa wa kundin mulki, ta umarci a sama musu wuri a cikin gari ko kusa da inda suke. Shekara takwas ke nan mutum yana kwana bai san ko gobe zai tarar da kayansa a titi ba.

Ga kuma wani gyara da nake son yi wa abin da ake yawan faɗa, cewa mai gida yana cin riba, ɗan haya ne kaɗai ke shan wuya. A nan hukuma tana karɓar harajin gida ne gwargwadon ƙimar gidan a kasuwa, saboda haka tsohon da ya gaji gida daga iyayensa yana rayuwa da fansho, in maƙwabtansa suka sayar da nasu da tsada, harajinsa sai ya tashi alhali ko sisi bai ƙaru a aljihunsa ba, har ya kai ga sayarwa ba don yana so ba. Musulmin Bo-Kaap, unguwar nan mai gidaje masu launi da kowane baƙo ke zuwa ɗaukar hoto, sun daɗe suna wannan kuka. A 2019 har ƙorafi aka kai wa hukuma cewa kiran sallar wani masallaci da ya haura shekara 100 a District Six yana damun mutane. In jama'ar masallaci suka watse zuwa bayan gari, ginin yana nan, ana ma iya sa shi a taswirar yawon buɗe ido, amma sahun asuba ba zai cika ba.

Game da tambayarka ta biyu, ɗan'uwa, abin da na ga yana riƙe mutane a wurinsu shi ne gidan da aka fitar daga kasuwa gaba ɗaya. Tun Maris 2017 'yan fafutukar Reclaim the City suka shiga tsohon asibitin Woodstock da ke zaune babu kowa, suka sa masa suna Cissie Gool House, kuma ɗaruruwan mutanen da aka kora daga gidajen haya a can suka fake. Hukuma ba ta amince da zamansu ba, rayuwar ciki kuma ba mai sauƙi ba ce, amma 'ya'yansu suna zuwa makarantar da suka saba.

Ɗalibar tsara birane ta sake amsawa:

Baba, ban ƙi ta taka ba, kuma na yarda cewa kango ba abin so ba ne. Inda na ɗan saɓa shi ne, ba dole ne zaɓin ya tsaya tsakanin ciyawa da kora ba. A Poblenou ɗin nan, masaƙar Can Felipa ta zama cibiyar al'umma, Can Saladrigas ta zama ɗakin karatu, Ca l'Aranyó ta zama sashen jami'ar Pompeu Fabra, kuma babu wanda ke kuka da waɗannan, hasali ma mazauna unguwa ne suka matsa lamba aka ceci wasunsu daga rushewa. Kukan yana kan wanda ya kwashi ribar gyaran. Kuɗin jama'a ne ya kawar da layin dogo ya share bakin teku, mutanen unguwa ne suka jure hayaƙin shekaru da shirun da ya biyo baya, amma ƙarin ƙimar ya tafi aljihun mai takardar fili: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokacin da ya fi dacewa hukuma ta sayi fili ta keɓe shi don gidaje masu rangwame shi ne lokacin da yake kango, yana araha, kafin a sanar da wani shiri. Basalona sai a 2018 ta wajabta wa masu manyan gine-gine su ware kashi 30 cikin 100 na sababbin gidaje don masu ƙaramin ƙarfi, lokacin da farashi ya riga ya yi sama, masu gini kuma suka yi ta ƙorafin cewa dokar ta hana su aiki. Na kuma karɓi gyaran ɗan'uwanmu na Cape Town game da harajin gida, domin ban kawo shi a lissafina ba.

Baƙon Basalona ya dawo:

Na gode ƙwarai, jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta tsaya mini a rai, domin tambayar da ka yi ita ce wadda nake yi wa kaina duk safiya in na ɗaura kyallen aiki, kuma har yanzu ba na jin zan iya ɗaukar bindigar ruwa. Amma zan je taron 'yan haya da ake yi a unguwa, tun da na gane cewa ba sai na zagi baƙon da ke cin abincin da na dafa ba kafin in nemi haƙƙina a wurin mai gida.

Malama ɗaliba, na duba takardar kamar yadda kika ce. Ta iso ne saura wata uku da 'yan kwanaki wa'adin ya cika, kuma ambulan ɗin da tambarin gidan waya yana nan na adana shi. Na kama layin ganin lauya a ofishin gidaje ranar Talata mai zuwa, in Allah ya kai mu, kuma zan dawo in sanar da ku abin da aka ce.

Jiya da na sauka kai wa tsohuwar nan burodi na ba ta labarin wannan tattaunawa, sai ta ɗauko mini tata yarjejeniyar daga cikin wani gwangwanin biskit, takarda ta yi ja don tsufa. Tun kafin 1985 aka rubuta ta, wato kafin a sauya dokar haya a Sifaniya, saboda haka muddin tana raye babu mai iya fitar da ita, kuma abin da take biya bai kai na kwana biyu a ɗakin da ke sama da mu ba. Sai yanzu na fahimci dalilin da ya sa dillalin mai gidan, wanda ko sallamata ba ya amsawa da kyau, duk zuwan da zai yi sai ya tsayar da ni a matakala ya tambaye ni yaya jikin tsohuwa.